Tankin babur ɗinka ya lotse? Ga yadda za ka tayar da shi fenti bai taɓu ba

Ka jingine Boxer ɗinka a bakin gona, ƙafarsa ta nutse a yashi, ya kife. Ko kuma ka ɗauko buhun gero ranar Lahadi za ka kasuwar Dambatta, rairayi ya kwashe taya. Ka tashi lafiya, amma ga lotsa a gefen tanki.

Kowace lotsa ce ke tashi a gida?

A'a. Shafa wurin da yatsa. In ya shiga ciki sumul kamar bayan cokali, fenti bai tsage ba, akwai sa rai. In kuwa ƙarfen ya yi kaifi kamar takardar da aka ninke, ko lotsar ta hau kan ɗinkin walda, ko kana jin warin mai a wurin, kai wa mai fanel bita, wato mai buga jikin mota ya miƙe.

Me za ka fara yi?

Tsiyaye fetur kaf, ka cire tankin, ka bar bakinsa a buɗe ya sha iska nesa da madafa. Tankin da babu mai ba ya nufin babu haɗari: tururin fetur da ya rage a ciki shi ke fashewa. Kada ka kusanto da wuta ko sigari. Da sanyin hunturu fenti yakan yi tauri ya tsage, don haka ka zuba masa ruwan ɗumi tukuna.

Yaya ake jawo lotsar?

Da gam ɗin nan mai kama da kyandir, wanda ake narkarwa da 'yar bindigar lantarki. Babu wuta a ƙauyenku? Mai cajin waya zai ba ka soket. Goge wurin tas, ka samo ɗan katako mai faɗin murfin kwalbar lemo, ka huda shi ka zura igiya. Shafa masa gam, manna a kan lotsar, ka jira kamar minti 5 a inuwa. Sai ka ja a miƙe, a hankali.

Karon farko ba za ta tashi duka ba, kada ka karaya. Sau biyar, sau goma ma ana yi, ana matsar da katakon kaɗan-kaɗan. Ragowar gam kuma sifirit na kemis ke ɓanɓare shi, ba wuƙa ba. Sufa gulu kam, kada ma ka fara, da fentin zai taso. Haka tankin da aka taɓa yi wa sabon feshi, gam na iya kwashe fentin.

In lotsar na kusa da bakin tanki, sanda mai santsi da aka naɗe kanta da robar tiyub ta isa. Tura daga ciki, ka faro daga gefe kana nufar tsakiya.

Iskar mai faci fa?

Za ka ji masu cewa a toshe tanki a hura masa iska. Iska ba ta san inda lotsa take ba. Sai ta buɗe ƙasan tankin ya ƙi zama a mazauninsa, ko ɗinkin ya fara yoyo.

Nawa za ka kashe?

Kuɗin gam da sifirit ne kawai, in ka ari bindigar. Ribar tana ga fentin kamfani: duk dillalin da ya ga sabon feshi, haɗari zai kawo a ransa ya karya farashi. Bayan ka mayar da tankin, kafin ka hau, zuba mai kaɗan ka duba ƙarƙashin tankin da kyau, ko da ɗigo ɗaya ka gani kada ka tayar da injin.