Hawa da Gangara a Layin Dogo na Tebur

Duk wanda ya shimfiɗa ƙaramin layin dogo a kan tebur, irin wanda masu sha'awar jiragen kwaikwayo a Turai da Amurka da Japan ke raba dare a kansa, ba ya daɗewa zai gaji da kallon jirgi yana zagaye a shafaffen wuri. Sai ransa ya biya gada, ya so jirgin ya hau ya ƙetare ta saman layin da ya baro. Gina gadar ba wuya. Hanyar da za ta kai jirgi bisa gadar ita ce mai cin wuri.

Da kaso cikin ɗari ake auna hawa. Layin da ya ɗaga santimita 2 a tsawon mita 1, hawansa kashi 2 ke nan. Waɗanda suka daɗe a harkar suna tsayawa a kashi 2, su kai 3 idan wuri ya matse, 4 kuwa sai ga gajeren jirgi.

Akwai maganar da ta ishe ni: wai tunda jirgin ɗan mitsitsi ne, tudu ba zai dame shi ba. Ina! A sikelin HO an rage komai sau 87. An rage nisa sau 87, an rage bisa sau 87, to me ya canza? Kashi 2 a ɗakinka shi ne kashi 2 a duwatsun Kalifoniya. Ƙanwar wannan magana ita ce wai idan jirgi ya kasa hawa, a sayo kan jirgi mai injin da ya fi ƙarfi. Ka durƙusa ka duba da kyau: injin bai mutu ba, ƙafafun na ta juyawa a wuri ɗaya, ƙarfe na santsi a kan ƙarfe. Riƙo ne ya gaza, riƙo kuwa daga nauyin da ke danne ƙafafun yake zuwa. Shi ya sa manyan jirage ke watsa yashi a kan dogo, masu ƙanana kuma ke cusa darma a cikin kan jirgi ko su sa wa ƙafa zoben roba.

Wanda ke ganin kashi 2 ko 3 wasa ne, ya ji labarin Lickey. Tudu ne a kudu da Birmingham ta ƙasar Ingila, an buɗe layinsa a 1840. Cikin kowace mita 37.7 yana ɗaga mita 1, wato kashi 2.65, na tsawon kusan mil 2. A ido ba wani abin tsoro ba ne, mai kurar ruwa ma zai tura kayansa ya haura. Amma tun daga farko jiragen wancan zamani ba sa iya hawansa su kaɗai. A tashar Bromsgrove da ke gindin tudun aka ajiye kawunan jirage da ba su da wani aiki sai turi daga baya. A 1919 kamfanin Midland ya ƙera guda musamman a Derby, mai ƙafafun ja goma, aka yi mata laƙabi da Big Bertha. Har babbar fitila aka ɗora mata a goshi don direba ya ga bayan jirgin da zai dafa da dare. Abin da ya fi burge ni, ba a ɗaure ta da taragon ƙarshe. Dafawa kawai take yi ta tura, in an kai Blackwell a saman tudu ta saki, jirgi ya wuce abinsa, ita kuma ta gangaro ta jira na gaba. Haka ta yi ta yi har 1956. A Amurka akwai tudun Saluda a jihar Karolina ta Arewa mai kashi 4.7, wanda aka daina bin sa a 2001. Amma sai ka ga ɗan koyo ya kafa kashi 6 a tebur yana zargin jirginsa.

Mu koma ga tef ɗin awo. A HO, jirgi na buƙatar sarari kusan santimita 7.5 don ya wuce ƙarƙashin gada; ka haɗa da kaurin katako da na dogon sama, ka ce 10. A kashi 2, hawan santimita 10 na cin mita 5, saukowa ta ci wasu 5. Falankin da ƴan koyo suka fi farawa da shi, mai ƙafa 4 da ƙafa 8, zagayen layin da ke kansa duka bai kai mita 6 ba. Dabara ita ce a raba aikin: layin sama ya hau 5, na ƙasa ya nutse 5, kowanne ya ci mita biyu da rabi.

Wasu na murɗa layin ya yi ta zagaye yana hawa hawa-hawa. Da'irar da ke da santimita 60 daga tsakiya zuwa dogo, zagayenta kusan 377 ne. Ta ɗaga 10 a kowane zagaye, ka sami kashi 2.65. Lickey ke nan cif, a lungun ɗaki. Sai dai kwana na ƙara wa jirgi nauyin ja, kuma dogon jirgi mai taragu marasa nauyi kan kife ta cikin kwanar. Gindin hawa da ƙololuwarsa kuma a lanƙwasa su sannu a hankali, in ba haka ba maɗaurin taragu ya zame, ko hancin jirgi ya daki dogo.

Kafin ka sa zarto a katako, ka samo falanki mai mita 2, ka shimfiɗa dogo a kai, ka tokare gefe ɗaya da abu mai kaurin santimita 4. Ɗora kan jirginka, ka riƙa ƙara tarago ɗaya-ɗaya har ƙafa ta fara santsi. Adadin da ya ja kafin nan, ka rage biyu saboda kwana, shi ne tsawon jirgin da teburinka zai ɗauka.