Injekta ko Kafireto: A Auna Kafin a Kwance

Duk wanda ya taɓa raka tsohuwar Marsandi gareji ya san wannan zancen. Mota tana ƙin tashi da safe, tana shan mai kamar ba gobe, sai oga ya leƙa cikin bonet ya ce: "Alhaji, a cire injektan nan a sa kafireto, kowa ya huta." Da yawanmu akwai irin wannan mota a gida, ta baba ko ta kawu, wasu kuma za su ci karo da ita a gareji lokacin SIWES. To, shin shawarar oga daidai ce?

Mu fara da aikin da su biyun suke yi. Injin fetur yana son iska da mai a gauraye bisa ma'auni, kusan kashi 14.7 na iska ga kashi 1 na mai, in an auna da nauyi. Kafireto yana yin haɗin ne da zuƙar iska: iskar da ke ratsa ƙuntataccen maƙogwaronsa ita ke jawo mai daga ɗan kofin da ke gefe. Shi kuwa injekta, famfo ne ke turo mai da ƙarfi, nozul ya fesa shi dab da bakin kowace silinda. Shi ya sa lafiyayyen injekta ya fi raba mai daidai, ya fi ba da ƙarfi, ya kuma fi tsimin fetur. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, wannan tsimin ba abin wasa ba ne.

Da yawa daga cikin tsofaffin motocin Jamus masu injekta suna amfani da tsarin kamfanin Bosch mai suna K-Jetronic, wanda ya fito a 1973, ko ƙaninsa KE-Jetronic da ke cikin Marsandi 190E. Harafin E ɗin nan ma daga kalmar Jamusanci ta fesa mai aka ɗauko shi. K-Jetronic ba ya dogara da kwamfuta. Matsin mai ne ke tafiyar da shi, kusan ba 5, wato ninki biyu na iskar tayar mota. Da matsin ya kauce, komai ya rikice.

Abin da ke kauce da shi sau da yawa ƙananan abubuwa ne: filta ta toshe, tanki ya yi tsatsa, tiyon roba ya tsage yana shigo da iskar da ba a auna ba, rile na famfo ya gaji, ko nozul ya yi datti. Geji na auna matsin mai zai nuna inda gizo ke saƙar cikin ɗan lokaci. Matsalar ita ce ba kowane gareji ke da shi ba. Gaskiyar magana, sau da yawa ba injektan ne ya mutu ba, kayan gwajin ne babu.

Juyawa zuwa kafireto kuma ba cire wannan a ɗaura wancan ba ne kawai. Sai an sauya manifol, da wayar totur, da gidan filtar iska, a kuma daidaita lokacin wutar fulogi. Mafi muhimmanci shi ne famfon mai. Kafireto ba ya buƙatar ko rabin ba ɗaya. In aka bar masa famfon injekta ba tare da abin rage matsi ba, kofin zai cika ya tumbatsa, fetur ya zuba kan inji mai zafi. Daga nan sai gobara, Allah ya kiyaye.

Amma fa akwai lokacin da juyawar ke da hujja. Idan marabar man, wato distiributa ta fetur, ta ci tsatsa, an zaga Panteka a Kaduna da Ƙofar Ruwa a Kano ba a samu mai kyau ba, ko motar tana aiki a ƙauyen da kowane bakanike ya iya kafireto amma ba mai taɓa injekta, to kafireto ya fi a jingine mota a ƙofar gida kaji su mayar da ita akurki. A nan ma da dabara: a nemi kayan da kamfani ya ƙera wa wannan injin. Marsandi ta fitar da injin M102 iri biyu, mai kafireto a 190, mai injekta a 190E, don haka kayan 190 sun fi dacewa da kafireton wata motar daban da aka yi wa ƙire-ƙiren walda.

In kuma an juya, kada a sayar da tsofaffin kayan a gwangwan. A zuba su a kwali a adana, domin mai sayen tsohuwar mota don ƙawa ya fi daraja wadda ke da kayanta na asali.

Saboda haka ɗan'uwa, ko 'yar'uwa, ranar da aka ce a cire injektan motar gidanku, tambayi oga cikin ladabi: "Ranka ya daɗe, matsin man nawa ya nuna?" In bai auna ba, a ja motar zuwa inda za a auna tukuna.