Dokokin Ingila Kan Ciniki da Mulki: Auduga a Ƙasar Karaye

Tun kafin Turawan Ingila su ci Kano a 1903, sun riga sun saba da yi wa ƙasashen da suke mallaka dokar ciniki. A Amurka, dokar jiragen ruwa ta 1660 ta wajabta cewa taba da wasu kayayyaki ba za a kai su ko'ina ba sai Ingila ko ƙasashen da ke hannunta. A 1699 aka hana fitar da kayan ulu daga can, a 1732 aka hana fitar da huluna. Manufar a fili take: talakawan mallaka su noma, masana'antun Ingila su sarrafa. Da mutanen Masacusets suka yi tirjiya, sai majalisar Ingila ta karɓe yawancin ikonsu na zaɓen shugabanni a 1774.

A ƙasar Kano ba a hana saƙa da doka ba, amma manufar ba ta sake ba, kuma a kan auduga ta fi bayyana. Ƙasar Karaye, wadda Rogo da ƙauyuka irin su Unguwar Hajji ke cikinta a wancan zamani, tana iyaka da Katsina da Zazzau, cikin yankin da auduga ke yi sosai. Ƙungiyar BCGA, wadda aka kafa a Ingila a 1902, ta sa rai wannan auduga za ta ciyar da masaƙun Lankasha da zarar jirgin ƙasa ya iso. Jirgi ya iso Kano a 1911, amma lissafin bai fita ba. Masaƙan gida, waɗanda marina da fatake ke jiran kayansu, sun fi Bature sayen auduga da daraja, manoma da yawa kuma suka koma gyaɗa daga 1912.

Abin da kasuwa ta hana, sai aka nema ta hanyar doka. Aka kawo irin Amurka mai suna Allen, aka riƙa raba anguryarsa, aka tsayar da fuloti inda za a auna a saye, aka sa malamai masu duba kyawun kaya. A 1949 aka kafa hukumar cinikin auduga, wadda ita ke yanka farashi, ita kaɗai kuma ke fitarwa waje. Ga haraji da sai da kuɗin Bature ake biya, ba da wuri ba. Wanda ba shi da sule dole ya kai wani abu sikeli.

A nan ne al'amarin ya bambanta da na Amurka, inda 'yan mallaka ke da majalisunsu da suka yi jayayya da Landan. A Kano, hannun da ya zartar da dokar na gida ne. Turawa ne suka naɗa Sarki Abbas a 1903 bayan sun kawar da Alu, kuma wajen 1908 aka tsara gundumomi, aka tura hakimai su zauna cikinsu. Dokar En'e ta 1916 ta ba sarki iko mai faɗi a kan talakawansa, amma ƙarƙashin Razdan, Gwamna kuwa yana iya tuɓe shi. Saboda haka manomin Unguwar Hajji ba lalle ne ya taɓa ganin Di'o ba. Umurnin shuka auduga daga bakin mai unguwa yake jin sa, shi kuma daga dagaci, dagaci daga Sarkin Karaye.