Yadda Za a Tsara Takardar Waƙa Domin Mawaƙan Ikkilisiya

A sujadar Kirsimati ta bara mawaƙanmu a nan Mai'adua suka rikice a tsakiyar waƙa, muryar mata ta riga ta maza. Da na duba takardar da aka buga mana a wani shagon kwamfuta, sai na ga ba laifinsu ba ne. Mai bugawa ya yanke layi inda faɗin takarda ya ƙare, bai kula da inda waƙa take hutawa ba.

Rubutun do-re-mi da muke koyon waƙa da shi, wanda John Curwen ya yaɗa a Ingila tun shekarun 1840, yana da ƙa'idarsa. Dogon layi a tsaye yana raba ma'auni da ma'auni, ɗigo biyu suna raba bugu da bugu, ɗan kara a kwance kuwa yana nufin a ja murya. Saboda haka kada a yanke layi sai a kan dogon layin nan, musamman inda mawaƙa za su ja numfashi. Muryoyin nan huɗu su tsaya a jere, kowace gaɓar kalma ƙarƙashin harafinta. Kwamfuta takan tarwatsa su, amma haruffan Courier New faɗinsu ɗaya ne, suna riƙe jeri.

Kada baiti ɗaya ya rabu tsakanin gaba da bayan takarda. In waƙa ta yi tsawo, a buga ta a shafi biyu masu duban juna. Malamin mawaƙa kuma ya rera kwafin farko har ƙarshe kafin a biya kuɗin sauran.