Daga Peugeot Zuwa Toyota: Cinikin Motoci a Garwa

Kasuwar motoci a Garwa ta ƙasar Kamaru a warwatse take. Wani yanki nata yana bakin kwalta, inda ake jera motoci huɗu ko biyar a inuwar darbejiya, yaro yana goge musu ƙura safe da yamma. Wani yankin yana gareji, wurin makanikai. Mafi yawanta kuwa tana cikin wayar dillali, wanda zai nuna maka hoton motar da har yanzu take tashar jirgin ruwa ta Duwala, ya rantse maka kwana kaɗan ya rage ta iso. Ana ciniki da Fulatanci da Hausa, a rubuta takarda da Faransanci, a biya da sefa.

Dattawan direbobi sun san zamanin da in an ce mota, Peugeot ake nufi. Kamaru ta sami 'yanci a 1960 da kayan Faransa a hannunta: 404, sai 504, ga Renault, ga manyan motocin Berliet masu ɗaukar auduga. Garwa ta ƙara da wata sa'a, maƙwabtaka da Yola. Tun 1975 aka riƙa harhaɗa 504 a Kaduna, don haka kayan gyaranta suka cika kasuwannin Najeriya, suka riƙa tsallako iyaka cikin rahusa. Mota mai haƙurin rami ce, kuma kowane ɗan koyo a gareji ya san cikinta da bayanta.

Abin da ya juya kasuwar shi ne kuɗi. A watan Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi, farashin sabuwar mota ya ninka, ma'aikacin da albashinsa ya riga ya sha yanka ya haƙura da ita. Daga nan kowa ya koma kan 'yar Beljiyam, wadda Bature ya gama yayinta, aka loda ta a jirgi daga Antwerp zuwa Duwala. Daga can sai ta hau jirgin ƙasa ko ta bi kwalta zuwa Ngaundare, ta gangaro wani dutse mai ban tsoro, ta shigo Garwa ta gadar Binuwai. A cikin waɗannan tsofaffin motoci ne Toyota ta nuna halinta: Starlet, Corolla, Carina E, daga baya Yaris da Avensis. Ba ta shan mai sosai, tana jure zafin Maris da Afrilu da ke haura digiri 40, kuma in ta lalace a Figil ko Pitowa ba za a rasa wanda zai tashe ta ba.

Abin dariya a nan shi ne, da yawansu ba su taɓa ganin Japan ba. Motocin da ake hawa a can sitiyarinsu a dama yake, mu kuwa na hagu muke tuƙawa. Carina E a Ingila aka riƙa ƙera ta tun 1992, Yaris kuma a Valenciennes ta ƙasar Faransa tun 2001. Hatta CFAO, tsohon kamfanin Faransawa da ke da CAMI, dilan sababbin Toyota a Kamaru, wani kamfanin rukunin Toyota ne ya saye shi a 2012.

Ka tsaya ka kalli yadda ake sayen irin wannan mota. Mai saye ba ya zuwa shi kaɗai, da makanikensa yake tafe, kuma maganar makanike ita ce hukunci. Zai sa a tayar da inji da sanyin safiya, ya zagaya baya ya duba launin hayaƙin salansa, ya buɗe murfin baƙin mai ya shinshina. Sai ya shimfiɗa kwali ya kwanta ƙarƙashinta yana neman tsatsar da gishirin titunan Turai ke bari. Lambar kilomita ba ya ko kallonta, ya san hannu ya taɓa ta. Dillali yana gefe yana cewa, “Alhaji, wata tsohuwa ce ta hau ta, kasuwa kawai take zuwa da ita.” Alhaji ya yi murmushi ya tambayi takardar kwastan, domin motar da ta shigo ta daji daga Najeriya arha gare ta, amma jandarma na farko a hanyar Marwa zai fanshe ragin. In an daidaita, a ce Allah ya sa alheri, dillali ya karɓi la'adarsa, sau da yawa daga ɓangarorin biyu.

Sabuwar mota dal, wannan ta hukuma ce da ƙungiyoyin agaji da Sodecoton, kamfanin audugar da aka kafa a 1974 mai hedikwata a nan Garwa. Su Hilux da Land Cruiser suke saye, don shiga ƙauyuka da damina. Sunan da waɗannan biyun suka yi a yankin ya daɗe. A 1987 da su sojojin Chadi suka kori tankokin Libiya, har aka sa wa yaƙin sunan Toyota. In sun tsufa a ofis aka yi gwanjonsu, 'yan kasuwar ƙauye suna jira.

Amma in gaskiya ake so, Asiya da ƙafa biyu ta ci Garwa. Tasi mai ƙafa huɗu ba ta da yawa a garin, 'yan kilando, wato masu baburan haya, ne ke ɗaukar jama'a daga babbar kasuwa zuwa Yelwa ko Rumde Ajiya. Da farko Suzuki da Honda da Yamaha ne, 'yan Japan, masu tsada. Bayan shekara ta 2000 baburan China irin su Nanfang da Lifan suka karya farashi, har ɗan sakandare ya fara mafarkin nasa. Sai Indiya ta biyo da TVS da Bajaj masu ƙarko da tsimin mai. Tsimin nan ya zama abin dubawa tun 29 ga Mayun 2023, ranar da Shugaba Tinubu ya janye tallafin mai a Najeriya, zuwa-zuwa, wato man Najeriya da ake sayarwa a kwalba a bakin hanya, ya yi tashin gwauron zabi.

A can inda ake ƙera motocin, kujera ta riga ta motsa. China ta zama babbar kasuwar mota ta duniya a 2009, a 2023 kuma ta wuce Japan wajen fitar da motoci waje, a shekarar da BYD ta ture Volkswagen daga kan gaba a cikin China. Alamun sun iso nan ta manyan motoci tukuna: tifofin Howo a wuraren aikin hanya, da dogayen bas na Yutong. Sabuwar Starlet ma da ake sayarwa a Afirka tun 2020, Suzuki ce ƙirar Indiya aka liƙa mata tambarin Toyota.

Ƙananan motocin China dai har yanzu makanikan Garwa kallon baƙuwa suke yi musu, balle mai lantarki, a garin da wuta ke ɗaukewa duk lokacin da ruwan madatsar Lagdo ya ja baya. Duk kyan mota, ɗan Garwa tambaya biyu yake yi: ana samun kayanta a kasuwa, kuma in na gaji da ita wa zai saya? Har yau Toyota ce ke da amsar duka biyun.