Yadda ake duba matakalar katako a wurin aiki

A wasu wuraren aiki, kamar ma'ajiyar hatsi, kanti mai bene ko ofis, akan kafa matakalar katako daga waje. Rana tana dukanta, ruwan sama yana jiƙa ta, ga kuma mutane suna hawa da buhuna a ka. Irin wannan matakala daga ciki take fara lalacewa, shi ya sa kallo kaɗai ba ya isa. Fenti ma yakan ɓoye ɓarna.

A fara da gindi, inda ƙafafun matakalar suka taɓa ƙasa. Nan ne laima take zama, nan ne kuma gara take shiga. Gara takan cinye cikin katako ta bar bayansa kamar lafiyayye. A ƙwanƙwasa shi da guduma: in ya yi ƙara irin ta ƙwarya, cikinsa ya zama kogo. Sannan a soka tsinin wuƙa ko ƙusa. In ya shige ba wuya, katakon ya ruɓe, kuma sai an canja shi; ƙarin ƙusa ba ya gyara ruɓaɓɓen itace. Abin da ya fi shi ne a ɗora ƙafafun bisa dutse ko siminti don kada su taɓa ƙasa.

Daga nan a hau sannu, ba tare da kaya ba, ana taka kowane mataki. Wanda ya lanƙwasa, ko ya tsage, ko ya yi santsi, a sa masa alama. Tsayin matakai ya zama ɗaya, wajen santimita 17 ko 18, domin ƙafa takan saba, mataki guda da ya bambanta yakan kayar da mutum.

Sandar dafawa kuwa a girgiza ta da ƙarfi. Kada tsayinta ya gaza santimita 90. Wadda take motsi ta fi rashinta haɗari, tunda mutum yakan jingina da ita ya saki jiki.

A yi wannan dubawa sau 2 a shekara: bayan damina, da kuma lokacin bazara, sa'ad da katako yake bushewa ƙusoshi su saki. Dokar aiki ta Nijar ta shekarar 2012 ta ɗora wa mai wurin aiki nauyin kare lafiyar ma'aikatansa. In an ga lahani, a sanar da shi nan take, a ɗaure igiya a bakin matakalar, kada kowa ya hau sai kafinta ya gyara.