Tsohon kuɗi ba ya haihuwa a cikin tukunya

Jita-jitar nan ta sake dawowa, daga kasuwar Lafia har ƙauyuka irin su Arikya: wai akwai masu sayen tsohon fam da kwabo mai huji a kan miliyoyi, wai kuma Babban Bankin Najeriya zai fanshi duk kuɗin da aka daina karɓa. Na gaji da ganin dattawa suna ba wa 'yan damfara kuɗin doyarsu da sunan "kuɗin rajista".

Kuɗin da aka kashe, takarda ce da hukuma ta janye wa ƙarfin saye. Mun sha ganin haka. A Janairun 1968, ana tsakiyar yaƙin basasa, gwamnatin Gowon ta sauya takardun fam don ta karya waɗanda ke hannun Biyafara. Ranar 1 ga Janairun 1973 naira da kwabo suka maye gurbin fam da sule, fam ɗaya a kan naira biyu. A Afrilun 1984 Buhari ya sauya launin takardun, aka rufe iyakoki, aka ba mutane ƙasa da mako biyu. Kowane canji yana da wa'adi, kuma wanda wa'adin ya wuce shi ya wuce shi ke nan. Babu taga a reshen Babban Banki na Lafia da ake karɓar fam na 1968.

To, masu tara tsofaffin kuɗi fa? Akwai su, kuma suna saye. Amma inda jama'a ke ruɗuwa shi ne zaton tsufa kaɗai ke sa tsada. Ba haka ba ne. Abin da mai tarawa ke nema shi ne wanda ya yi ƙaranci, wanda bai yamutse ba, kuma wanda wasu ma ke so. Anini da kwabo mai huji, Turawan mulki sun buga su da yawan gaske, suka bazu daga Najeriya har Gambiya. Kusan kowane gida yana da guda a ƙasan adaka. Wa zai biya miliyan a kan abin da ke kowane gida?

Yawan sifili ma ba daraja ba ne. A 1923 hauhawar farashi ta sa Jamus ta riƙa buga takardun biliyoyin mak, har mutane na hura wuta da su, shi ya sa yawancinsu ke da arha har yau. Zimbabuwe ta fitar da takardar dala tiriliyan 100 a Janairun 2009, ta kashe kuɗin baki ɗaya a 2015. Wannan kam ana sayenta, amma don sha'awa da tarihi, kuma sai sabuwa fil. Duk wanda ya ce maka ka saye ta ka ajiye, wata rana Zimbabuwe za ta biya ka tiriliyan, ɓarawo ne. Jabunta ma ya cika intanet.

Idan ka gaji irin waɗannan kuɗi, kada ka binne su a tukunya. Danshi da gara za su riga magada. Kada ka wanke, kada ka goge da dutsen guga, kada ka liƙa salatif a inda ya yage, kuma don Allah kada ka kai a manne takardar cikin roba kamar katin shaida, don daga ranar ta tashi daga aiki a idon mai saye. Sa kowace a ambulan dabam, a miƙe, a wuri busasshe. Ƙarfen kuma a bar shi da tsatsarsa, kada a dirje shi da toka. Mai saye na gaskiya shi ke biyanka. Wanda ya fara da neman kuɗin mota ko na "gwaji", sallame shi. Kada ka ba baƙo ya tafi da su "ya nuna wa oga".

Sannan a bambance: tsofaffin takardun naira 200 da 500 da 1,000 da aka so kashewa a 2023 ba su mutu ba. A Nuwamban 2023 Kotun Ƙoli da Babban Banki suka ce a ci gaba da karɓar su tare da sababbi. Waɗannan na cefane ne, kuma mai shagon da ya ƙi su ba shi da hujja.